Kawu da Turancin Jikarsa

Kawuna a aji ya tsufa yana koyar da Turanci, kuma a wajensa na Ingila ne kaɗai Turanci, saura duk shirme. Jikarsa da aka haifa a Amurka takan kira shi a waya. Tun kafin ta kai ƙarshen magana yake katse ta: "Buɗe bakinki, 'yar nan. Ba da hanci ake Turanci ba."

A hankali ta rage kira, har kiran ya ɗauke. Sai ya zauna a falo shi kaɗai, yana goge fuskar wayar da hannun riga.

Ranar da ta sake kira, ya daure bai gyara mata komai ba. Da suka gama na ce, "Kawu, me ta ce?"

Ya ce, "Ban sani ba. Kurakuran kawai na ji."