Ƙafafun Yemima Tela

Duk wanda ya bi ta bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan da hantsi, zai ji ƙarar keken ɗinkin Yemima Kumai tun kafin ya hango shagonta. Keken ƙafa ne, baƙi, wanda mijinta Eli ya saya mata shekarar da suka yi aure, lokacin yana aikin reluwe. Ita 'yar Nok ce, a gonar citta ta tashi, takan ce ba don ɗinki ba da har yau tana can tana tsaga citta tana shanyawa a kan dutse. Eli ya rasu 'yarsu Lucy na aji uku a firamare. Da keken nan Yemima ta riƙe gida, ta kai yarinyar har ta zama nas a Jos.

Abin alfaharinta a duniya shi ne ankon zumuntar mata na ikilisiyarsu. Shekara goma sha tara, duk babban taron shekara, ita ke ɗinka wa mata tamanin da ɗoriya riga da zane. Ta san awon kowacce a ka. Takan gane mace ta samu ciki tun dangin miji ba su sani ba, takan gane wadda damuwa ta ramar, amma ba a taɓa jin maganar wata a bakinta ba.

Tana da shekara hamsin da takwas ƙafafu suka fara yi mata gardama. In ta wuni tana taka keke, sha-raɓarta ta ɗaure tamau kamar an cusa dutse a ciki, har in ta miƙe sai ta dafa bango. Ta shafa man zafi, ta gasa da ruwan ɗumi, a banza. Ba ta gaya wa kowa ba, domin tela mai keken ƙafa in aka ce ƙafarsa ta gaza, an gama da shi.

Lucy ce ta lura da ɗingishin lokacin da ta zo Kirsimeti. Bayan sati biyu ta dawo da wani ɗan inji a kwali, mai mariƙi kamar bindiga, da kan roba mulmulalle a bakinsa.

"Injin tausa ne, Mama. Ki zauna ki miƙe ƙafa. Ki sa shi a lamba ɗaya, ki fara daga saman agara ki hau a hankali, minti biyu kowace ƙafa. Naman kawai za ki bi. Kada ki taɓa ƙashi, kada ki kai bayan gwiwa. In kuwa kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ki ajiye shi ki kira ni, wannan na asibiti ne."

Yemima ta yi wa abin kallon raini, har ya fara bugawa a namanta. Da farko ta yi ƙara, daga baya ta yi shiru, ta ji dutsen nan yana narkewa. Ranar ta taka har bakin kasuwa ba ta dafa komai ba.

Mutum ɗaya ta nuna wa injin: Caroline, malamar firamare mai ritaya, kuma sakatariyar zumunta. Tare suka yi ƙungiyar mawaƙa suna 'yan mata. Da Eli ya rasu, wata guda cur Caroline ta yi tana kwana a gidan Yemima, tana dafa mata abinci. Ita ma tsayuwar aji ta shekara talatin ta bar mata ciwon ƙafa. Don haka kullum ƙarfe huɗu sai Yemima ta saki labulen shago, su zauna a benci, su tattare zane zuwa gwiwa, wannan ta yi wa wannan, ana hira ana dariya.

Wata Laraba da aiki ya yi yawa, Yemima na bin ƙafarta da injin tana cije leɓe, sai Caroline ta ɗaga waya.

"Bari in ɗauka in tura wa ɗana Jonathan, ya ga irinsa ya saya mini."

"Ɗauki mana," in ji Yemima. Ta dubi wayar ta yi dariyar wahala. "Ka gani ko, Jonathan? Ƙafafun nan sun gama aiki. Ba don abin nan ba, ko ɗankwali ba zan iya ɗinkawa ba."

Wasa take yi, irin wanda mutum ke yi a gaban nasa.

Da watan Maris ya kama aka kira taro a kan ankon bana. Yemima ta je da samfurin wuyan riga guda uku a jaka, yadda ta saba. Ta lura mata suna gaishe ta da wani irin tausayi, wata har ta tashi ta ba ta kujera mai jingina. Bayan addu'a shugabar zumunta ta gyara murya.

"Maman Lucy, kin yi wa Ubangiji hidima shekara da shekaru. Kwamiti ya zauna, mun ga bai kamata mu ƙara miki nauyi ba. Bana Serah za ta ɗinka, tana da keken lantarki. Ke ki huta."

Serah matar Jonathan ce, surukar Caroline, wadda ta buɗe shago bara.

"Wa ya ce na gaji?" Yemima ta tambaya.

Sai matar da ke kusa da ita ta miƙo mata waya a ɓoye. Ga ta nan a bidiyo, a kan benci, zane a tattare, gwiwa a waje, fuska a yamutse, tana faɗa da bakinta cewa ƙafafunta sun gama aiki. An yanke dariyar da ta yi kafin maganar. Kwana huɗu ke nan hoton yana yawo a wayoyin matan, ita da ke da ƙaramar waya mai maɓalli ba ta sani ba.

Ta ɗaga kai ta nemi Caroline. Tana can gaba a teburin sakatariya, ta duƙufa tana rubutu kamar ranar aka koya mata biro.

Yemima ba ta yi kuka a wurin ba. Ta zauna har aka yi addu'ar rufewa, ta ɗauki jakarta, ta jira a gindin mangwaron da ke harabar coci.

"Caro."

"Sista, ki tsaya ki ji. Don lafiyarki na yi. Ina ganin yadda kike shan wuya..."

"Da kin ce mini Serah na son aikin, da na kira ta mun raba. Kin san zan yi."

"Ai ba za ki yarda ki huta ba."

"Shi ya sa kika tuɓe ni a gaban mata tamanin? Ke kaɗai na buɗe wa ƙafata, Caro. Ko Lucy sai da ta gano da kanta."

Yemima ta juya ta kama hanya. Masu acaɓa biyu suka tsaya mata, ta ƙi hawa, ta taka har gida da kai a sama, don duk mai ido ya gani. Sai da ta kulle ƙofa sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da rabonta da irinsa tun mutuwar Eli.

Bayan sati guda Serah ta zo shagon, ta durƙusa, ta rantse ba ta san da maganar hoton ba. Yemima ta yarda da ita. Ta gaya mata wace mace ce ba ta son hannun riga ya matse, wace ce ke ƙara inci biyu a ɓoye. Ankon ya fito da kyau, ba abin kushewa, wannan ma ya yi mata ciwo ta wata fuskar. Nata ɗinkin kuwa ta karɓi yadin ta yi da kanta.

Matar fasto ta haɗa su sulhu. Caroline ta yi hawaye ta nemi gafara, Yemima ta ce ta yafe, tunda haka aka umarce mu. Amma ba ta sake sakin labule ƙarfe huɗu ba. Tausarta a ɗaki take yi, ita kaɗai, minti biyu kowace ƙafa, kuma ƙafafun suna ɗaukarta. Yanzu yunifom take ɗinka wa wata makaranta a Kagoro, aikin ya ma fi na da yawa. Lucy ta yi ta roƙo ta koma Jos wurinta, Yemima ta ce sai ranar da aka ɗauke ta.

Ran Lahadi, in fasto ya ce kowa ya gai da na kusa da shi, Caroline takan ratso layi biyu ta miƙo hannu. Yemima takan karɓa, ta ce, "Salamar Ubangiji," idonta a kan taga.