Waken Baba Isiyaku

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin gona a Gombe, ban taɓa mantawa da ranar da muka je gonar Baba Isiyaku ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan, ku buɗe kunne.

A daminar da ambaliya ta shafe gonaki a wajen Kwadon, gwamnati ta ce za ta tallafa wa waɗanda suka yi asara. Ƙa'idar ita ce sai tawaga ta ga ɓarnar da idonta, a ɗauki hoton manomi tsaye a gonarsa. Ruwan ya zo farkon Agusta. Mu kuwa yau babu mota, gobe babu mai, jibi darakta ya tafi taro, sai da Satumba ta kusa ƙarewa muka fita. Mu uku ne: ni, da Madam Ngozi mai ɗaukar hoto, da Alhaji Bappa, mataimakin darakta, wanda in bai sa hannu ba babu wanda za a biya.

Baba Isiyaku maƙwabcina ne a Tudun Wada, dattijo mai iyali da yawa. Washegarin ambaliyar na raka shi gonar, na ga masararsa kwance cikin laka, abincin shekara guda. Bai zauna kuka ba. Ruwa na janyewa ya sayar da akuyarsa, ya sake huɗa, ya shuka wake.

To, da muka isa sai ga gona shar, wake har ya fara fure. Alhaji Bappa ya dubi gonar, ya dube ni, ya tambaya ina ɓarnar take. Na ce na gani da idona. Ya ce ai maƙwabcina ne, shaidata ba ta da amfani, kuma shi an taɓa tuhumarsa kan gonakin ƙarya, ba zai tura wa na sama hoton koren ganye ya ce ambaliya ce ba. Na roƙa, na yi rantsuwa, har na ɗaga masa murya, abin da ƙaramin ma'aikaci ba ya yi. Madam Ngozi ma ta sa baki, ta ce a tambayi masu gonakin gefe. Ya ƙi.

Duk wannan Baba Isiyaku yana tsaye yana ji. Sai ya ɗauki fartanya ya shiga cikin waken.

"Yallaɓai, in ɓarna gwamnati take son gani, bari in yi mata," in ji shi, ya fara sara.

Na ruga na riƙe hannunsa. Da ƙyar na ƙwace fartanyar. Alhaji Bappa ya koma mota. Waɗanda suka bar gonakinsu suna ruɓewa an biya su. Baba Isiyaku bai sami ko ƙwayar hatsi ba, waken nan ne ya riƙe gidansa. Na daɗe ina jin kunyar haɗa ido da shi a masallaci.

Da damina ta zagayo, ruwa ya sake cin wajen. Muka sake makara kamar yadda muka saba. Na tarar da gonarsa ciyawa ta rufe ruɓaɓɓen kara, shi yana zaune a gindin bishiya, babu fartanya a kusa.

"Bana ban taɓa komai ba, ɗana," ya ce. "Ku zo ku ɗauki hotonku."

An biya shi a wannan karon. Abin da aka ba shi bai kai waken da ya fasa shukawa ba.

Shi ya sa kuke ganin ina masifa a ofis kan mota da mai duk lokacin da aka ce ruwa ya yi ɓarna, har kuna cewa na cika faɗa. Manomi yana kallonmu, kuma abin da muka ba da lada a kansa shi yake koya. Mun sami mutumin da ya fi kowa himma a yankin nan, muka koya masa zama.