Goron da Muka Ƙi Karɓa

Ni ban taɓa son siyasa ba, albasa na sani. Daga Argungu nake ɗauko ta, in kasa a kasuwar Birnin Kebbi, tun gemuna bai yi fari ba.

Shekarar da sabuwar jam'iyyar nan ta taso, maganarta ɗaya ce: gari na 'yan gari ne, baƙo ya koma baya. Da farko dariya muka yi musu. Sai ga tutarsu a bayan kowane keke mai zuwa Gwadangaji, sai ga su sun cinye mazaɓarmu tas. Wallahi har a layinmu akwai waɗanda suka dangwala musu, na san su ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabcina a kasuwa Ibo ne, mai sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa. Hausarsa ta fi ta jikokina, ga tsokana, kullum sai ya ce warin albasata ke korar masa masu saye. Bayan zaɓe aka ce rumfunan bakin hanya na 'yan ƙasa ne, tasa za a ba wani.

To, a layinmu rumfa ba ta canza hannu sai an raba goro, maƙwabta sun karɓa, an shafa fatiha. Wanda ya karɓa ya shaida ke nan. Mutanen sabon kansila suka zo da hantsi da goronsu fari sol a faranti, suka fara da ni don ni ne babba.

Jagoransu ya ce, "Baba, bismilla."

Na ce, "Wanga goro na mi ne?"

Ya yi bayani. Raina ya ɓaci, na zura hannuwana cikin aljihu, na ce haƙorana sun daina tauna goro yau. Mai shinkafa na kusa da ni ya ce azumi yake, alhali na gan shi da kofin shayi. Haka farantin ya zaga layi ya dawo a cike, har waɗanda suka zaɓe su ba su miƙa hannu ba. Mutanen kansila suka tattara suka tafi, rumfa ta tsaya a hannun maƙwabcina.

Na juya ina jiran tsokana. Maƙwabcina na zaune kan benci, ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, na gode," in ji shi. "Amma yarana na riga na tura su kudu. A nan aka haife su, ko yaren can ba su ji."