Ranar da aka so Baba ya sake tuba

Ko da zan manta da ranar aurena, ba na jin zan manta da ranar da aka shirya wa mahaifina tuba ta biyu, alhali ta farko ba ta lalace ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Safana da Zakka. Kakanninmu Maguzawa ne, suna nan tun zamanin da suke kai wa sarakunan Katsina jiziya a bar su da tsafinsu da giyarsu. Baba shi ya gaji tsafin gidan. A ƙuruciyarsa, in ji manya, har daga Ruma ake tako ƙafa a zo wurinsa da jan zakara ko baƙin bunsuru. Kafin a haife ni ya karɓi bishara, ya tattara layu da ƙahonni da rigar bori ya cinna musu wuta a bayan rumbu. Ni dai na buɗe ido na gan shi dattijon ikilisiya, mutum mai ƙarancin magana, wanda ko Musulmin garin idan gardamar iyakar gona ta tashi cewa suke a kira shi, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Majami'armu ta ƙasa ce, da tsohon kwano wanda tsatsa ta cinye. Da damina kowa ya san inda zai zauna da inda zai kauce. Haka muke lallaɓawa har tsohon fastonmu ya gaji ya koma garinsu, aka turo mana sabo daga birni.

Saurayi ne fes, takalminsa kamar ba ya taka ƙasa. Tun wa'azinsa na fari ya gaya mana cewa ya yi kwas a kan yadda ake bunƙasa ikilisiya, kuma matsalarmu ɗaya ce, ba mu iya talla ba. Wai majami'a kamar shago take, wanda bai iya jawo mai saye ba zai kwana da kayansa. Na gyara zama. Ni da na tashi da faranti a ka, ina soya ƙuli-ƙuli ina kai man gyaɗa kasuwar Batsari, yau ga wanda zai koya mini talla daga kan bagadi.

Kuma ya iya, ba zan ci amanarsa ba. Kafin wata ya zagayo an rataya ƙyalle da hotonsa a bakin hanya, yana nuna sama da yatsa kamar shi ya aiko da hadari. Aka sayo lasifika da janareto. Maganar zunubi da hukunci ta ɓace daga wa'azi, don a cewarsa tana korar baƙi, ba wanda zai baro gida ya zo a ɓata masa rai. Saura buɗi, ɗaukaka, mota, nasara a kan maƙiya. Mu da ko keke sai gidan wane da wane, aka ce kowa ya rufe ido ya riƙe sitiyari. Sai ga ƙananan kwalabe na man albarka, ana sayarwa a bakin ƙofa bayan sujada. Na karɓi ɗaya a hannun wata ƙawata na shinshina, na ji man gyaɗan da na tatsa da hannuna ne. Matar fasto ce ta sayi galan guda a wurina, har tana neman ragi.

Bayan kaka ya sanar da babban taron farkawa. Manyan baƙi za su zo daga birni da masu ɗaukar bidiyo, kuma idan abin da suka gani ya taɓa zuciyarsu, to sabon rufi ya samu. Sai dai baƙin birni ba sa buɗe aljihu don sun ga manoma suna waƙa. Dole a nuna musu abin da za su koma suna ba da labari. A nan ne wani mai dogon baki ya tsegunta masa tarihin Baba.

Ina tankaɗe a tsakar gida da la'asar fasto ya yi sallama, shi da dattawa biyu. Aka shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwa har ta gaji, aka tambayi gida da gona da dabbobi. Sannan ya kwance jakarsa. Ranar taro Baba zai fito cikin rigar layu, yana gurnani yana zare ido. Fasto zai ɗora masa hannu, shi kuma ya faɗi ya yi birgima, ya tashi ya tuɓe kayan, a ƙona su a gaban jama'a. Baba ya ce ai kayan sun daɗe da zama toka. Fasto ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya yi tunanin komai, ya ce wannan ba matsala ba ce, za a ɗinka wasu.

"Baba, ai ba ƙarya ba ce," in ji shi. "Abin ya faru da gaske. Maimaitawa kawai za mu yi don waɗanda ba su gani ba."

Dattawan suka kama masa. Ɗaya ya ce a dubi yaran da ruwa ke jiƙawa a makarantar Lahadi, ɗaya ya ce ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba, balle 'yar birgima. Baba ya ce, "Allah ya kai mu." Suka tashi suna murna. Ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa gama tankaɗen, don na ɗauka ya yarda.

Akwai wani baduku a garin, Musulmi, abokin Baba tun suna kiwon awaki. Shi aka kai wa aikin layun, aka ce ya yi shiru. Washegari sai ga shi a ƙofar gidanmu, ko zama bai yi ba. Ina daga zaure na ji yana tambaya da murya ƙasa-ƙasa, wai an ce masa kayan na Baba ne, shin komawa ya yi? Ya ce shi ba addininsu ɗaya ba, amma shekara da shekaru yana bugun ƙirji da shi a cikin mutane, in kuwa da wani abu a ƙarƙashin gado gara ya ji daga bakinsa. Baba ya ce masa ya je ya yi aikin da aka ba shi, ya karɓi ladansa, ya kuma zo kallo ranar taro.

A nan na gane girman abin. Wanda ya ƙona laya yau, ai jiya yana da ita. Baƙi za su kalla su tafi, mu za a bari da garin da zai ce ashe dattijon nan duk shekarun nan da tsafinsa yake shiga majami'a. Sunan da ya gina tun kafin a haife ni shi za a ba da a karɓo kwano.

Ranar ta zo. An yanka awaki, mu 'yan zumuntar mata mun sha anko mun jera da tulunan kiɗanmu. Baƙi suka iso cikin motoci, matansu suna taka ƙasarmu a hankali kamar za ta cije su. Maƙwabtanmu Musulmi suka tsaya daga gindin tsamiya, don abin kallo ba ya da addini. Fasto ya yi wa'azi har rigarsa ta jiƙe, sannan ya sassauta murya ya ce yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Akwai wani gawurtaccen boka da ya addabi ƙasar nan, wanda iskoki ke yi wa aike, yau ƙarshensa ya zo. Masu bidiyo suka gyara tsayuwa. Aka hura wutar da aka tanada a tsakiyar fili.

Sai ga Baba ya fito cikin farar rigarsa ta Lahadi da 'yar hularsa, yana tafe a natse, da buhu a hannu. Daga gindin tsamiya wani ya tuntsire da dariya. Fasto ya ɗan daburce, amma ɗan kasuwa ba ya rasa dabara, ya miƙa hannu zai dafa masa kai. Baba ya kama hannun ya gaisa da shi, ya karɓi abin maganar.

Ya gai da baƙi, ya yi musu barka da zuwa, ya tambayi hanya. Sannan ya zazzage buhun. Ya ɗauki laya ɗaya, sabuwa dal tana ƙamshin jima, ya zaro 'yar wuƙarsa ya farke ta. Ƙaiƙayi ya zubo.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce. "Shekaranjiya aka ɗinka ta, ga mai ɗinkin can tsaye, aikinsa kuma ya yi kyau. Nawa na ƙone su tun ɗiyata wannan ba ta zo duniya ba. Daga ni sai uwarta sai mai bisharar da ya karanta mini Littafi, ba wanda ya ɗauki hoto. In na ƙona wannan yau, to mi nike da shi jiya, da nike cin jibin Ubangiji tare da ku?"

Fasto ya juyo yana yi mana alama da hannu mu tashi waƙa. Shugabar zumunta ta ɗora tafinta a bakin tulu ta bar shi a nan. Ba wadda ta motsa.

Baba ya juya wurin fasto, ba faɗa ba tsawa. "Malam, sana'ar nan na riga ka yin ta. Mutum ya zo da tsoro, in sayar mai da ƙulli, ya tafi da murna. Na san daɗinta. Barin ta na yi na zo nan, ban zo don in same ta ta riga ni shigowa ba."

Ya miƙa masa abin maganar da hannu biyu, ya koma kujerarsa. Wutar ta ci itacenta ta mutu. Baƙi suka tuna cewa hanya ba ta da kyau, ko abinci ba su tsaya ci ba, mu muka cinye awakinmu. Fasto bai kai damina a garin ba. Ina jin labari yanzu yana da katafaren wuri a birni, kuma ba na shakka ya samu bokan da ya fi Baba iya birgima.

Kada ku ɗauka an ɗauki Baba a kafaɗa. Wasu dattawa sun yi watanni gaisuwarsu ba ta wuce ciki-ciki ba, wasu mata suna cewa tsoho ya ja mana asara don taurin kai. Da ruwan farko ya sauka ranar Lahadi, majami'a ta zuba kamar rariya. Baba yana zaune a wurinsa, ruwa na ɗiga a hularsa. Ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ya matso ya ce, yadda kowa zai ji, da yanzu muna ƙarƙashin sabon kwano. Baba ya cire hular ya matse ta, ya mayar.

"Wannan kafin la'asar za ta bushe," ya ce.

Baba ya daɗe da rasuwa. Ranar jana'izarsa badukun nan, ya tsufa tukuf, shi ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa tare da mu. Ni kuma har yau ina kai mai kasuwa, ina kuma ɗaga murya in yi talla, don talla ba laifi ba ce. Amma abin da na koya a ranar nan shi ne, abin da ka kira da baki shi ya kamata a tarar a cikin faranti. Duk wurin ibadar da sai an yi ƙarya kafin a rufa shi, gara ruwa ya yi ta dukan masu sujada.