Tsagar da Baba Yake Ɓoyewa

Jiya na tsinci fasasshiyar wayata a ƙasan akwati, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Maƙwabcinmu ne a unguwar Jurf ta Madina, mutumin arewacin Ghana. Duk zafin Madina, kumatunsa kullum a rufe suke da rawani.

Ina binciken digiri kan tsagar fuska a Ghana, na janye rawanin zan ɗauki hoto. Sandarsa ta sauka a yatsuna, waya ta tarwatse, jini ya ɗiga a tabarma. Ya damƙi hannuna ya danna a kan tsagar kuncinsa.

"Ita suka duba lokacin faɗan ƙabilanci, suka yanka ƙanena a gabana," ya ce. "Rubuta!"

Na rubuta, Baba. Allah ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ka da ƙanenka.