Likkafanin Gwaggo Baturiya

Gwaggona Baturiya, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama a wani ƙauye kusa da Gangara, mace ce da ba ta iya roƙo ba. Ko gishiri ya ƙare mata, ta gwammace ta sha miya lami da ta leƙa gidan maƙwabta. Aikinta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ita ke wankan gawar mata a unguwarmu. Ta sha ganin yadda ake bi gida-gida ana haɗa kuɗin likkafani, gawa na kwance tana jira. Wannan abu ya tsaya mata a rai.

Saboda haka tun zamanin da gyaɗa ke yi, ta je kasuwar Gazawa ta yanko farin alawayyo wanda zai ishi babbar mace har ya yi saura. Ta naɗe shi cikin tukunya da ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda gara, ta kife da ƙwarya. Ta ware tulu guda na hatsi, ta liƙe bakinsa da laka, na gumbar sadakar uku. Kowace kaka sai ta juye tsohon ta zuba sabo.

"Ke Adama," in ji ta, "ranar da na mutu, kada ki bari a miƙa hannu ga kowa saboda ni. Komi nawa yana ɗaki."

Na ce, "Gwaggo, mutane na tanadin aure, ke kina tanadin kushewa."

Farin farko, da ruwan sama ya ƙi, ya zo ya wuce, ba ta taɓa kayan nan ba. Na biyun ne, shekarar da aka rufe iyakar ƙasa, ya gama da mu. Mijina Surajo ya tafi cin rani, shiru. Muna tafasa ganye muna barbaɗa dusa. Da motar taimako ta fara zuwa da jar dawa da gari, ni nake bin layi, don Gwaggo ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Amma hatsin tulu, ita ta fasa lakar da kanta ranar da ɗiyata Mairama ta daina kukan yunwa ta koma kallon mutane kawai.

Sai ƙyanda ta shigo. A bayan gari akwai wani makiyayi, Jaye, wanda shanunsa suka ƙare, ya yada zango da iyalinsa. Da hantsi ya yi sallama, ya tsuguna, ya ce da 'yar Hausarsa jaririnsu ya rasu, ba su da abin rufa shi. Gwaggo ta shiga ɗaki, na ji ƙarar yage ƙyalle.

Na yi faɗa, kuma har gobe ina ganin gaskiyata. Na ce yadi ya yi wuya, ba mai kawowa daga Katsina, in ta fara ba ta da wurin tsayawa.

"Kamu ɗaya ne," ta ce. "Jariri nawa yake?"

Haka aka yi ta zuwa. Yau ɗan maƙeri, jibi jikar liman. Na gaji da magana, na gaji da jin ƙarar nan, har in na ga mutum ya tsuguna a ƙofa sai in ɗauki guga in yi rijiya. Har mutuwa ta zo kan Mairama. Gwaggo ta wanke ta, ta naɗe ta, ta zaro zare daga jikin yadin ta ɗinke.

Ita kanta ba ta kai damina ba. Zawo ya kwantar da ita, ta cika da safe. Na buɗe tukunya, na iske abin da ya rage bai fi kallabi ba.

Liman ya aiko cewa za a zaga gari a ga abin da za a samu. Na ce a'a, Gwaggo ta hana. Kuma wa za a roƙa, mutanen da ita ta rufa wa 'ya'ya?

Ina da buhunan garin taimako na farin ƙyalle da na tara don in yi wa Mairama riga. Na farke su, na wanke da toka, na murza har hannuna ya yi zafi. Rubutun Nasara da ke jiki ya ƙi fita. Matar Jaye ta zo ta kama mini, muka haɗa su.

Sauran alawayyon na ɗaura mata a ka. Buhun kuwa na juya shi, rubutun ya dubi waje, don kada ya taɓa jikinta.