Katafilar da Kunyar Baba Ta Zaɓa Mana

Ni mutum ne mai mantuwa, hula tana kaina nakan tashi gida da nemanta. Amma shekarar da muka sayi ƙaramar katafila, wannan kam sai ranar da aka tura mini ƙasa za ta bar raina.

Muna da fadamar gado a wajen Kwandiko, cike da mangwaron da kakanmu ya dasa. Kowace damina sai rafi ya gutsiri gefenta. Gayya ta daina taruwa, samari duk sun hau acaɓa. Sai ni da Yayana, ɗan farin Baba, muka yanke mu sayi katafila ta hannu, 'yar ƙaramar nan mai bokiti a gaba da ke juyawa wuri guda, mu tada jingar tare rafin kafin ruwa ya sauka, daga baya ta riƙa loda mana yashi a gidan bulonmu na Birnin Kudu.

A Kano dillali ya nuna mana guda biyu. Ɗaya mai taya, fenti na sheƙi kamar amarya. Ɗayar mai sarƙar roba, ta kwana biyu a duniya, in aka tashe ta sai ta yi tari kamar tsohon mai goro. Na ce mai taya, don ko a Basirka ta yi faci akwai mai gyara, ita kuwa sarƙa in ta tsinke, kafin sabuwa ta iso jikokina sun yi gemu. Yaya ya ce fadama laka ce, taya za ta nutse, sarƙa kuwa shimfiɗa nauyinta take yi. Muka yi ta musu a mota har direba ya yi barazanar sauke mu a Wudil. Daga ƙarshe Yaya ya ce a kai wa Baba, abin da ya yanke shi ke nan.

Mun same shi a zaure bayan la'asar, abokansa dattawa sun kewaye shi. Baba mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin ya kira sunan Yaya ba, sai dai ya ce wancan, balle ya goyi bayansa a gaban mutane. Mu biyun duk mun san haka, amma zafin musu ya rufe mana ido. Kowa ya faɗi hujjarsa. Baba ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya nuna ni da carbi ya ce a bi ta ƙaramin. Muka koma Kano muka sayo mai taya.

Da farko aiki ya yi kyau, har na fara tafiya kamar ni na ƙera injin. Jinga ta kai rabi sai aka yi yayyafin farko. Washegari katafilarmu ta shiga laka ta zauna, tayoyi na juyawa tana ƙara nutsewa, kamar mai haƙa wa kanta kabari. Muka zuba kara, muka zuba duwatsu, muka ɗaura shanun huɗa har suka durƙusa. Taraktar da muka nemo ta tsaya daga nesa, mai ita ya ce shi ma yana da iyali. Kafin mu samo wata dabara ruwa ya sauko da gaske. Rafi ya bi ta inda jinga ta tsaya, ya tumɓuke mangwaron kaka, ya bar mana rairayi da rufin katafila yana leƙowa.

Da ruwa ya janye na goya Baba a babur ya je ya gani. Yaya na tsaye a gefe. Baba ya dubi wurin da ya noma tun yana saurayi, ya ce mini, "Tun a zaure na san maganar wancan ce daidai."

Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "A gaban mutane? Da wane bakin?"

Yaya ya juya baya yana share hawaye. Mutum mai furfura, ranar ya fara jin ubansa ya ba shi gaskiya, a kan gonar da babu ita kuma. Ni da ba a raba ni da barkwanci, na lalubi abin dariya na rasa.

Baba bai ga wata damina ba. Katafilar tana nan har yau, tsuntsaye na hutawa a kanta.

Abin da na koya shi ne, kafin ka kai wa dattijo shawara, duba ko bakinsa a sake yake. In akwai kunya a tsakani, same shi shi kaɗai.